Faifan Coltrane na Village Vanguard da Saɓanin Masu Sauraro

A farkon watan Nuwamba na 1961, kamfanin Impulse! ya kai na'urorin ɗaukar sauti Village Vanguard, wani ƙaramin gidan kiɗa da ke ƙarƙashin ƙasa a birnin New York, domin a naɗi John Coltrane, mai busa saksofon a kiɗan jazz, da abokan aikinsa suna kiɗa a gaban jama'a. Rudy Van Gelder ne ya ɗauki sautin, Bob Thiele kuma ya jagoranci aikin, aka fitar da faifan a 1962 da kiɗa uku kacal. Tun daga lokacin ra'ayin masu sauraro ya rabu a kansa, kuma mafi yawan gardamar ta tsaya ne a kan kiɗa guda.

Biyun farko ba su cika jawo gardama ba. "Spiritual" yana tafiya a hankali cikin natsuwa, Eric Dolphy yana busa kilarinet mai kaurin murya, McCoy Tyner yana kan fiyano, Reggie Workman kuma yana riƙe da bes, wato babban kayan kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya. A na biyu Coltrane ya ɗauki ƙaramin saksofon, wanda siririn amonsa zai iya tuna wa Bahaushe muryar algaita, ya busa wata tsohuwar waƙa da mutanen zamanin suka riga suka sani. Ko wanda bai taɓa jin jazz ba, zai iya shiga ta wannan ƙofa ba tare da wahala ba.

Rigimar tana ɗaya gefen faifan, inda "Chasin' the Trane" ya cinye wajen minti 16 shi kaɗai. Babu fiyano a cikinsa, sai Coltrane da babban saksofon, Jimmy Garrison a bes, da Elvin Jones a ganguna. An gina shi a kan tsarin bulus (blues) mai gaɓa 12, wanda tsari ne mai sauƙi a kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, amma Coltrane yana ɗaukar ɗan guntun amo ya juya shi, ya matse shi, ya maimaita, har sautin ya dushe ko ya koma kamar ihu. Mujallar DownBeat ta buga sharhi biyu a kan faifan, na Ira Gitler da na Pete Welding. Gitler ya ga kiɗan a matsayin maimaici mai gundura, Welding kuwa ya yaba ƙarfin busar duk da cewa bai gamsu da inda ta dosa ba. Kafin nan, wani marubucin mujallar, John Tynan, ya riga ya bayyana abin da Coltrane da Dolphy suke yi a matsayin kishiyar jazz, abin da ya sa su biyun suka mayar da martani a mujallar a watan Afrilu na 1962.

A ganina Gitler yana da gaskiya a abu ɗaya: kiɗan yana gajiyar da kunne, kuma ba na jin ya dace a ɓoye wa mai saye hakan. Inda na saɓa da masu sukar shi ne zargin cewa busar ba ta da alkibla. Duk wanda ya ɗauke hankalinsa daga saksofon na ɗan lokaci ya mayar da shi kan gangunan Jones zai ji cewa zagayen bulus ɗin bai taɓa ɓacewa ba, kuma duk nisan da Coltrane ya yi, yana dawowa kan gaɓa daidai lokacin da ya kamata. Rashin fiyano shi ya ba shi wannan sarari, domin babu wanda yake tsare shi a kan wasu amo na musamman, shi kuma ya sa mai sauraron da ya saba jingina da fiyano yake jin kamar an bar shi ba jagora. Wannan ne, a fahimtata, tushen saɓanin, kuma saurare na biyu yana warware kaso mai yawa daga cikinsa.

Sautin faifan yana da kyau idan aka yi la'akari da ƙuncin ɗakin, sai dai bes ɗin Garrison yakan nutse a ƙarƙashin ganguna idan aka saurara ta lasifikar waya, don haka ya fi kyau a sa abin sauraro na kunne. Babban abin da nake ƙorafi a kai shi ne ƙarancin Dolphy, wanda aka sha suka tare da shi amma a kiɗa ɗaya kawai aka ba shi fili sosai. An cike wannan giɓi a 1997, lokacin da aka fitar da dukan abin da aka naɗa a waɗancan darare cikin faya-fayan CD huɗu. Duk da haka, ga wanda zai fara, na fi ba da shawarar faifan asali mai kiɗa uku, a kuma bi shi yadda aka jera shi, kada a soma da na ƙarshe.