Irin filoks da na saya wajen mai fulawa, sai a shuka ta biyu na gane kansa

Tun bara nake cewa zan rubuta yadda muka kwashe da irin fulawar nan filoks, a jikin fakitin Phlox aka rubuta, sai yau Allah ya yi. Wajen wani mai sai da fulawoyi na bakin titi na saya a nan Kaduna, ba zan kama suna ba don mutumin kirki ne kuma har yanzu wajensa nake sayen taki, amma gaskiya dai sai an faɗe ta.

Hoton jikin fakitin ne ya ja ni, wasu furanni cunkus masu tsayi har ƙugun mutum. Na ce Malam wannan yana yi a nan kuwa? Ya ce haba Hajiya, ki watsa kawai, ko kan dutse fita yake. Toh ni kuma da zumuɗi na saya fakiti 2, na dawo gida na watsa ɗaya a tsakiyar Yuli, ruwa na ta zuba kamar da bakin ƙwarya. Ban ma rufe irin da ƙasa ba. Wallahi abin tausayi, ƴan tsirarun da suka fito sai gindinsu ya yi baƙi ya sirance su kwanta, guda huɗun da suka tsira kuma ganyen ya yi fari fat kamar an barbaɗa musu garin alabo, ashe funfuna ce mai kama ganye in iska ba ta ratsa shuka kuma ga laima. Ko fure ɗaya ban gani ba. Maigida har tsokanata ya riƙa yi wai da alayyahu na shuka da yanzu mun sha miya sau goma.

Haushi ne ya sa na zauna na bi diddigin abin. Ashe filoks kala-kala ne, kusan dukkansu ƴan Arewacin Amurka. Dogon nan na jikin hoto shi ake kira paniculata, yana shekaru a ƙasa amma sai inda ake sanyi na gaske. Wanda ke cikin fakitin nawa kuwa drummondii ne, an rubuta da ƙananan baƙaƙe a baya ni ce ban duba ba, gajere ne kuma shekara ɗaya yake yi ya mutu. Asalinsa jihar Teksas, can a daji yake fitowa bakin hanya, sunan kuma na wani masanin tsirrai ne ɗan Sikotilan, Thomas Drummond, da ya aika irin zuwa Birtaniya a 1835. Ita kalmar filoks ɗin wai harshen wuta take nufi da Girkanci, kuma in kika ga jajayen da rana tsaka za ki yarda.

Abin da mai shagon bai gaya min ba, kuma ina zargin shi ma bai sani ba, fulawar nan ba ta son zafi mai tsanani kuma ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. Kenan a wajenmu lokacinta hunturu ne, lokacin da masu lambu ke dashen latas da kabeji.

Fakiti na biyu sai na bari har farkon Nuwamba. Na haɗa ƙasa da yashi da takin shanu wanda ya ruɓe sosai, na zuba a tsofaffin robobin fenti da na huda ƙasansu da ƙusa. Irin yana son duhu kafin ya tsiro, don haka na rufe shi da ƙasa ƴar kaɗan, kamar rabin santimita, na ɗora buhu a kai ina ɗagawa kullum da safe ina leƙawa kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Kwana 12 suka fara ɓullowa. Ƙwaya 40 na ƙirga, 23 suka fito, ba laifi ga irin da ya sha rana a kan tebur ba a san tun yaushe ba, don kwanan watan jikin fakitin ma ya goge.

Da suka yi ganye huɗu-huɗu na rage su, na bar tazarar kamar santimita 20 tsakani, sannan na tsinke kan kowanne da farce, da ciwon zuciya fa na yi wannan, amma shi ya sa suka yi rassa suka cika robar. Ban ruwa da safe, a gindi kawai, ba na jiƙa ganyen. A Janairu suka buɗe, ja da ruwan hoda da fari da shunayya, kowane fure kunne biyar, wasu da ɗan farin ido a tsakiya, tsayinsu bai kai gwiwata ba. Malam-buɗe-littafi kuwa kamar an yi musu gayya. Duk wanda ya bushe in cire shi, sai wasu su sake fitowa, haka muka yi ta yi har zafin Maris ya shigo ya gama da su cikin sati biyu.

Shi irin na ba shi 4 cikin 5, ɗayan na cire ne saboda hoton ƙarya. Shawarar mai shago kam 1, ita ma don fara'arsa. In za ki saya ki juya bayan fakitin ki karanta da kanki. Kuma in kina son ajiye iri kar ki jira kwanson ya bushe ƙarau a jikin shuka, fashewa yake ya watsar, ni sai da na ɗaura musu ƴan ƙyallaye sannan na samu cikin murfin kwalba ɗaya, yana nan a ambulan cikin durowa ina jiran Nuwamba.