Inda aka yi wa ɗana gwajin ƙwaƙwalwa a Jos

Duk uwar da ɗanta ya bugu a ka, take kwana da fargabar farfaɗiya, zan iya tura ta wannan cibiya mai zaman kanta da ke cikin garin Jos. Sai dai ta tafi da guzurin haƙuri.

Ɗana ɗan shekara shida ya faɗo daga kan dutse a bayan unguwarmu, ƙashin kansa ya lotsa. Da aka sallame mu daga asibiti, aka ce mu kai shi gwajin EEG, wato gwajin da ke auna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Ma'aikaciyar ta ce in wanke masa kai, kada in shafa mai, in kuma rage masa barci a daren. Ta manna masa wayoyi kusan ashirin a fatar kai tana ta janshi da hira, ta ba shi takarda yana hurawa, ta kunna wata fitila mai walƙiya. Ba allura, ba zafi, har barci ya kwashe shi.

Likitan ne ya sa na rubuta wannan. Gwajin ya fito lafiya, amma likitan bai rufe ni ba. Ya ce, Hajiya, kyakkyawan sakamako ba ya nufin an tsira ɗungurungum. Jijjigar da ta zo cikin kwana 7 na farko daban take, wadda ta biyo bayan haka ita ake kira farfaɗiyar rauni. Haɗarin ya fi yawa idan ƙashi ya lotsa, ko jini ya taru a cikin kai, ko yaro ya suma fiye da awa 24, kuma yawanci tana bayyana cikin shekara 2. Maganin da ake bayarwa a makon farko, irin phenytoin, jijjigar farko kaɗai yake tarewa, don haka ya hana ni sayen komai a kemis da sunan rigakafi.

Abin da ya ɓata min rai: mun iso da sassafe da yaron da bai yi barci ba, sai bayan azahar aka kira mu. Kuɗin ma ba a faɗa ba sai da muka isa wurin biya, takardar sakamakon kuma Turanci zalla.

Kafin mu fito likitan ya koya min: in jijjigar ta tashi, in kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali, yawunsa ba ya sa wa kowa cutar. Ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.