Hitar gas a ɗakin 'yan tsaki: aikinta ya yi, garantinta kuwa sai a hankali

Gonata tana bayan Bukuru, a hanyar da ke bi ta Vom, kuma shekara shida ke nan ina rainon 'yan tsakin gidan gona. Wanda ya taɓa kwana a Filato cikin Disamba ko Janairu bai buƙatar a yi masa bayanin sanyinmu. Muna kan tudun da ya haura mita 1,200, akwai asubar da ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 10. Ɗan tsako kuwa a makonsa na farko yana son digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa rage masa kamar uku-uku duk mako. Wannan tazarar ita ce ke cinye mana jari duk hunturu.

Da kaskon gawayi muke yi, kamar kowa. Kasko goma sha biyu a ɗaki ɗaya, a rufe tagogi da leda ruf, yaro ya kwana yana ƙara gawayi. Abin da ya raba ni da kasko shi ne wata asuba da na iske yaron zaune a bakin ƙofa ya dafe kai, yana cewa jiri yake ji, ga amai. Na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. A asibiti likita ya tambaye shi inda ya kwana, da ya ji amsar sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, Allah ne ya tsare." Iskar da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, wadda ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar numfashi sau fiye da 200. Mutum sai dai ya ji barci.

A watan Nuwambar da ya biyo baya na sayi hitar gas mai busa iska mai ɗumi, irin mai kama da ganga a kwance, fanka a baya wuta a ciki. Ƙarfinta kilowat 30, tana da ma'aunin da ke kunna ta ya kashe ta da kansa. Wurin wani dila na saya, ba zan kama sunansa ba, don har yanzu muna gaisawa. Na faɗa masa ƙarara cewa ɗakin 'yan tsaki zan sa ta. Ya ce ai aikinta ke nan, ya nuna mini tambarin CE na ƙa'idar kasuwar Turai a jikinta, ya ce, "Garanti shekara guda, Alhaji, ko me ya same ta ka dawo da ita." Ya miƙo mini rasit da wani kati da littafin bayani a cikin leda. Na jefa su aljihun mota. A nan suka yi wata goma.

Zancen gaskiya, aikinta ya yi. Ɗakin da kasko ke ɗaukar awa biyu kafin ya ɗauki ɗumi, ita cikin minti ashirin ta gama. Zafin kuma yana bazuwa, ba kamar na gawayi ba da za ka ga 'yan tsaki sun dunƙule a gindin kasko suna danne juna, na gefe suna rawar ɗari. A zubin farko na sa 'yan tsaki 1,500, kuma ban taɓa fitar da zubi da ƙarancin asara irin wannan ba. Na shiga da ƙarfe biyun dare na same su a warwatse kan buntun shinkafa, wasu na ci wasu na barci, babu wannan kukan mai tsini da ke nuna sanyi ya kama su. Ƙararta dai akwai, kamar injin markaɗe daga nesa, amma bayan kwana ɗaya ba su ƙara kula ta ba.

Cin gas ne dilan bai gaya mini ba. Idan tana ci gadan-gadan takan sha fiye da kilo 2 a awa, ke nan tukunya mai kilo 12.5 ba za ta kai awa shida ba. Ma'aunin nan yana rage ɓarnar, tunda ba kullum take kunne ba, amma duk da haka. Sai kuma wani abin da ya ɗaure mini kai a daren farko: wajen ƙarfe uku wutar ta fara raguwa alhali tukunyar da sauran nauyinta. Na haska fitila na ga gindinta ya yi fari fat da ƙanƙara, a Najeriya! Daga baya na fahimci dalili. Gas ruwa ne a cikin tukunya, sai ya zama tururi yake fita, kuma yana jan zafi daga jikin ƙarfen kafin ya zama tururin. Idan ana zuƙarsa da sauri tukunyar sai ta sandare. Gas ɗinmu na girki ya fi yawan butan, wanda ke daina tururi a wajen digiri sifili, shi kuwa furofan har ƙasa da sifili da digiri 42 yana yi. Yaron ya ce a tsoma tukunyar a ruwan zafi, wani maƙwabci ya ce a kara mata kaskon wuta. Na ce a'a, ban gaji da duniya ba. Maganin shi ne manyan tukwane masu kilo 50 guda biyu a haɗe, a ajiye su a waje, a tsaye.

Wani kuskuren nawa ne. Na ci gaba da toshe ɗakin da leda kamar zamanin gawayi, ina ganin ai gas ba ya hayaƙi. Irin wannan hitar ba ta da bututun fitar da hayaƙi, duk abin da wutar ta ƙone cikin ɗakin yake zuba tare da ɗumin. Tana cin iskar numfashi, tana kuma fitar da danshi mai yawa, don kowane kilo na gas da ya ƙone yana barin fiye da kilo ɗaya da rabi na ruwa a cikin iska. Da safe sai in ga leda na ɗiga, buntu ya jiƙe, warin kashin kaji na yaji a ido. Idan iska ta yi ƙaranci kuma harshen wutar sai ya bar shuɗi ya koma rawaya, a nan ne ita ma take fara fitar da gubar da na gudo wa. Sai da na buɗe tagogin sama ta ɓangarori biyu, na sayi 'yar na'urar da ke ihu idan ta ji kabon monoksaid na rataye, sannan abin ya daidaita. Duk wannan yana rubuce a shafi na biyu na littafin da ke aljihun motata.

Matsalar ta zo ne a Agusta, lokacin marka, da sanyinmu na damina. Hitar ta fara mutuwa da kanta: ta yi minti goma ta ɗauke, sai ta huce ta yarda ta tashi. Ga 'yan tsaki kwana huɗu a ɗaki. Na kira dilan, ya ce a kawo ta shago, mako biyu ko uku. Wa zai jira? Na ɗauko wani mai gyaran risho da kukar gas a cikin gari. Ya kwance murfin, ya yaga wata 'yar takarda da aka liƙa a kan ƙusa ɗaya, ya leƙa ya ce, "Oga, wannan ƙaramin abin ne ke ba ka wahala." Wani ɗan maɓalli ne mai waya biyu. Ya zare wayoyin ya murɗe su wuri ɗaya ya naɗe da salatif. Ya kuma ce regiletar, wato abin da ke daidaita ƙarfin fitar gas daga tukunya, ta gaji, ya sa mini wata ta kasuwa. Hita ta tashi ba ta ƙara mutuwa ba, na biya shi har da na goro.

Dare na uku ba wutar lantarki, muna kan ƙaramin janareta da ke jan famfon ruwa da fitilu. Yaron ya ce shi dai warin fenti mai ƙuna ya ji. Da ya shiga fankar ta tsaya cik, wuta kuwa na ci a cikin gangar, bakinta ya yi ja, fentin ya kumbura yana ɓarewa, ga busasshen buntu a ƙasa taku biyu daga wurin. Allah ya ba shi dabara bai taɓa hitar ba, waje ya ruga ya murɗe kan tukunya. Abin da mai gyaran ya cire ashe shi ne mai kashe wuta idan zafi ya wuce kima. Ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi: ƙura da gashin 'yan tsaki sun toshe ragar baya, fanka ba ta samun iska, gangar na yin zafi fiye da ƙa'ida. Buroshin fenti na naira kaɗan ya isa ya magance abin tun farko.

Da na kai ta wurin dila sai na ga wata fuskar. Ya karɓi rasit, ya ce ina katin? Na ɗauko shi daga mota fari fat, ba a rubuta komai ba. Ashe ana so a cike shi a mayar cikin kwanakin farko, da sa hannun ƙwararren da ya haɗa ta. Ya buɗe shafin ƙarshe na littafin ya riƙa bi da yatsa yana karanta mini, ni kuwa ina tsaye kamar ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba. Garanti ya faɗi idan wanda ba wakilinsu ba ya buɗe ta. Garanti ya faɗi idan an sauya regileta ko tiyo da wanda ba nata ba. Garanti ya faɗi idan an taɓa wani abin kariya. Ba ruwansu da ɓarnar da hawa da saukar lantarki ya jawo, an ƙera ta ne don bolt 230, janaretana kuwa Allah kaɗai ya san abin da yake bayarwa idan famfo ya tashi. Sai an nuna shaidar ana duba ta duk shekara. Kuɗin kai ta da dawo da ita na mai saye ne. Asarar dukiya ko ta dabbobi ba a ma maganarta. Ban iya musa ko ɗaya ba, kusan duka na taka su.

Amma akwai layi ɗaya da ya karanto da sauri yana son wucewa, na ce tsaya, maimaita. An rubuta kada a yi amfani da ita a wuri mai ƙura ko inda ake kiwon dabbobi. Don wuraren gini da manyan rumbunan ajiya masu iska aka yi ta. Na ce, "Malam, ranar da na zo me na ce maka zan yi da ita?" Ya yi shiru. Wato tun daren da na fara kunna ta garantin ya mutu, ko da na cike kati ko da ban kira mai gyara ba. Wannan shi ne ƙorafina, kuma har gobe ina kansa. Akwai hitocin da aka yi musamman don ɗakin kaji, da akwatin lantarkinsu a rufe yadda ƙura da ruwan wanki ba sa shiga. Sun fi tsada, shi ya sa bai ajiye su ba, shi ya sa kuma bai ambace su ba.

Injiniyan da ya gyara mini ita daga baya, wani dattijo da ya daɗe yana aikin tukwanen gas na gidajen burodi, shi ya koya mini karanta ɗan farantin da ke manne a jikinta. A nan aka rubuta irin gas ɗin da take ci, da ƙarfin matsin da take so, da gajerun sunayen ƙasashen da aka yi ta dominsu. Na duba, na Najeriya ba ya ciki. Ya ce tambarin CE na nufin ta cika ƙa'idar kasuwar Turai, kuma a kayan gas na gaske za ka ga lamba huɗu a gefensa, ta hukumar da ke sa ido a kan ƙirar. Ba ya nufin ta dace da gas ɗinka ko ɗakinka. Ya ce in da na sani da na nemi ganin takardar SONCAP, wadda hukumar kula da ingancin kaya ta SON ke buƙata a kan irin kayan da ake shigowa da su. Regiletar kasuwar nan kuwa ya jefa ta kwandon shara a gabana, ya ce matsinta daban da wanda farantin ya nema, kuma tiyon da aka haɗo da ita na ruwa ne. Ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar, kumfa ta taso. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda 'yan tsaki suke, daidai inda yaron ke shimfiɗa tabarmarsa.

Wani abokina lauya ya ce ina da ta cewa. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kayan da ya dace da abin da ya ce zai yi da shi. Sai ya tambaye ni ko an rubuta "don ɗakin kaji" a rasit. Ba a rubuta ba, da baki muka yi. Ga kuma wayoyin da aka murɗe da salatif, waɗanda duk wanda ya gani ya san hannuna a ciki. Na bar maganar. Muka yi sulhu irin namu na kasuwa: dilan ya ba ni sabuwar fanka da maɓallin kariya da regileta ta asali a kuɗin da ya saro su, ni na biya injiniya.

Hitar tana nan tana aiki, wannan hunturunta na biyu. Yanzu a wajen ɗakin take, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, bakinta na busawa ciki ta wata kafa da muka yi wa firam na ƙarfe, don haka tsabtatacciyar iska take zuƙa ba ƙurar buntu ba. Na sa mata sitabilaiza da wayar atin. Kowace safiya yaron na share ragar da buroshi, duk sauyin tukunya a shafa ruwan sabulu, kuma akwai tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa. Yaron ya daina kwana a ciki, na gina masa ɗaki a gefe.

Masu tambayata a waya ko su saya, ga amsata. Mai rumbun ajiya ko wurin aiki mai faɗi da iska, ya saya, za ta yi masa. Mai kiwon kaji kuwa kada ya sayi irin tawa. Ya nemi wadda aka rubuta a littafinta cewa ta ɗakin dabbobi ce, in aljihu ya yarda ma mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje, ya sa dila ya rubuta abin da za a yi da ita a kan rasit, ya cike katin a nan kan teburin shagon kafin ya biya. Ni ma irin wannan ta ɗakin dabbobin nake tara wa kuɗi saboda sabon ɗakin da nake ginawa. Na riga na sa an turo mini littafinta ta WhatsApp, injiniyan ya ce zai zo ranar Asabar mu karanta shafin ƙarshen tare.