Jami'ar tarayya ko ta jiha: wace ce ta fi sauƙi ga wanda ba ɗan asalin jiha ba?

A jami'ar tarayya, kamar Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya, ba a raba kuɗin rajista tsakanin ɗan gida da baƙo. Ɗan Katsina da ɗan Enugu kuɗi ɗaya suke biya in kwas ɗinsu ɗaya ne. Asali yana shigowa ne wajen rabon gurbi: kashi 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko.

Jami'ar jiha kuwa yawanci farashi biyu gare ta, na 'yan jiha da na baƙi, kuma na baƙi ya fi tsada. Sannan kuɗin yana bin ra'ayin gwamna mai ci. A Kaduna an ɗaga na 'yan jiha a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) zuwa naira 150,000 a 2021, Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa 105,000 a 2023.

Inda gizo ke saƙar shi ne, zama a gari ba ya mai da mutum ɗan jiha. Takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma ake nema, ita kuwa yawanci tushen uba take bi. Yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano, iyayensa suna biyan haraji a can, sai ka ga an lissafa shi baƙo. A ganina wannan bai yi ba. Irin wannan yaro gara ya fara neman ta tarayya, ko da gasar ta fi zafi.