Fedar da ke kama takalmi: wacce ta dace da titin Legas?

Tun da na fara hawan keken tsere, 'yan uwa a Agege ke tambayata game da fedar nan mai kama takalmi. Ga abin da ƙafata ta gaya min.

Kamfanin Look na Faransa ne ya fito da ita a 1984, da ita kuma ɗan tseren keke Bernard Hinault ya lashe gasar Tour de France a 1985. Wani ɗan faranti ake ɗaurewa a tafin takalmi, kana takawa ka ji ƙas, ta kama. In za ka sauka, sai ka murɗa dunduniya waje.

Na fi daɗewa da Shimano SPD-SL. Farantinta noti uku gare shi, ga faɗi, ƙafa ta zauna daram. Ranar Lahadi bayan sallar Asuba, idan muka hau gadar Lekki zuwa Ikoyi na miƙe tsaye a kan feda, ba na jin ƙarfina yana zubewa ko'ina. Amma maganar da na fi so ku riƙe ita ce ta kala. Farantin Shimano ruwan ɗorawa yana ba ƙafa wasa, wato damar ɗan juyawa ba tare da ta fita daga feda ba, na digiri 6, shuɗi digiri 2, ja kuwa babu wasa ko kaɗan. A Look Keo abin ya juye: ja ne mai digiri 9, ruwan toka 4.5, baƙi shi ne ƙam. Don Allah kada ka shiga shago ka ce a ba ka ja kawai. Gwiwa ba ta son a ɗaure ta, ni da ruwan ɗorawa na samu lafiyar tawa.

Fedar Speedplay na taɓa ara sau biyu, tana kamawa ta kowane ɓangare, ana kuma saita wasanta har digiri 15. Kuɗinta ne ya fi ƙarfina.

Sai dai Legas ba filin tsere ba ce. Danfo, motar haya ta Legas, zai ci burki a gabanka babu sigina, ka cire ƙafa sau goma tsakanin Obalende da Falomo. Yawancin fedar tsere fuska ɗaya take kamawa, sai ka juyo ta da yatsa, ana ta maka hon a baya. Farantin roba kuma santsi yake a kan tayil, yashi na cin sa. Shi ya sa a keken da nake zirga-zirgar mako na saka SPD mai noti biyu, wadda aka yi don keken daji. Farantinta ƙarfe ne, a lume yake cikin takalmi, kana iya shiga shago ka sayi ruwa kamar kowa.

Ƙanena da ya sayi tasa, na sassauta masa ɗan notin da ke bayan fedar har ƙarshe don cire ƙafa ya yi sauƙi, na jingina shi da bangon gida. Na ce, "Ƙane, taka ka cire sau hamsin kowace ƙafa, kafin ka doshi cunkoson Pen Cinema a Agege."