Tukunyarku ɗaya da yayanka, me ya sa shi bai yi tumbi ba?

Malam, na karanta tambayar da ka kawo wannan zaure, inda ka ce kai da yayanka uwa ɗaya uba ɗaya kuke, a gida ɗaya kuke zaune a ƙauyenku na ƙasar Ringim, tuwon dare ma a kwano ɗaya kuke cin sa, amma shi yana nan siriri kamar yadda yake tun yana saurayi, kai kuwa tun da ka buɗe shago a bakin titi ka sayi babur tumbi ya fito, riguna sun matse, tafiya kaɗan sai haki. Ka nemi sanin abin da siraran mutane suke ci da irin motsa jikin da suke yi. Zan jera maka yininsa da naka gefe da gefe, daga asuba zuwa kwanciya, bisa abin da ka bayyana da abin da muka saba gani a garuruwanmu, domin a ganina bambancinku yana cikin sa'o'in da ba kwa tare, kwanon tuwon nan kuwa shi ne mafi ƙarancin laifi.

Bayan sallar asuba yayanka yana shan koko ko kunu da ɗumamen tuwon jiya, ya saɓa fartanya ya nufi gona a ƙafa ko a keke. Kai kuma kana buɗe shago, ka aiki yaro wurin mai shayi ya karɓo maka haɗin kauri da burodi, wata rana har da Indomie da ƙwai. Idan aka dubi tulin abin da ke gaban kowa, nasa ya fi naka yawa, wannan ne ma ya sa abin yake ɗaure maka kai. Sai dai tuwon dawa ko na gero da miyar kuka yana zama a ciki ya riƙe mutum har azahar, burodi kuwa da fulawar da aka cire wa dusa aka yi shi, yana narkewa da wuri, kafin hantsi ya dubi ludayi yunwa ta dawo. Ga kuma sukarin da ke cikin shayin, wanda ba a tauna shi, saboda haka ciki ba ya lissafa shi a matsayin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum yake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincinsa na yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga mai matsakaicin ci. Gorar lemo mai cikakken sukari ta rabin lita tana ɗauke da kusan wannan adadin ita kaɗai. Mutumin da ya sha shayin safe mai zaƙi, ya sha lemo mai sanyi da rana saboda zafi, ya sa aka zuba masa sukari a fura da la'asar, ya ninka ƙa'idar ba tare da ya ji ya ci wani abin kirki ba. Yayanka ruwan randa ko na gora yake sha idan ƙishi ya kama shi a gona.

Daga hantsi zuwa la'asar nan ne hanyarku ta fi rabuwa, kuma nan nake so ka fi tsayawa. Shi yana sunkuye yana noma, ya miƙe, ya taka zuwa bakin kunya ya dawo, ya ɗaure harawa, ya kora dabbobi, ya jawo guga. Bai taɓa kiran wannan motsa jiki ba, aiki ne kawai a wurinsa. Kai kuwa kana kan benci daga safe, abin da kake miƙewa dominsa shi ne ɗauko wa mai saye kaya, masallacin da ke bayan shago ma wani lokaci a kan babur ake zuwa. Wani likita mai suna James Levine na asibitin Mayo a Amurka ya auna wannan abu a binciken da ya wallafa a 2005. Ya ɗauki mutum 20, sirara 10 da masu 'yar ƙiba 10, dukansu ba masu zuwa wurin wasanni ba ne, ya sa musu na'urar da ke ƙirga zama da tsayuwa da tafiya har kwana 10. An samu masu ƙibar suna zama fiye da sirarun da sama da awa biyu a kowace rana, kuma aka ƙiyasta cewa wannan bambanci ya kai kusan kalori 350 a yini, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Idan wannan shi ne tazarar da ke tsakanin rukuni biyu na mutanen birni da babu manomi a cikinsu, sai ka auna da kanka tazarar da ke tsakanin mai huɗa da mai jiran shago.

Zaman yana da wata illa ta biyu, wato yana kawo abinci har inda kake. Wanda ke gona ba ya cin komai tsakanin kalaci da lokacin da za a kai masa fura ko dambu, sai dai ya tsinci kanya ko ɗinya a hanya idan lokacinsu ne. Mai shago kuwa duk mai talla ta gabansa yake bi: mai awara, mai fanke, mai soyayyen dankali, mai gyaɗa, ga biskit a kan kanta hannu yana kaiwa. Kusan dukansu ta cikin mai suka biyo. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitacin hatsi ko na sinadarin gina jiki da ke cikin wake da nama yana da 4 kacal, babban cokali ɗaya na man gyaɗa kuwa ya kai kusan kalori 120. Don haka garau-garau biyu masu girma ɗaya suna iya bambanta sosai, gwargwadon yadda aka malala wa kowanne mai. Game da kayan kamfani irin su biskit da taliyar leda da lemo, an yi wani gwaji a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka a 2019 ƙarƙashin Kevin Hall, inda mutum 20 suka yi mako biyu suna cin abincin da aka sarrafa ƙwarai, suka yi wasu makonni biyu suna cin wanda bai sha sarrafawa ba, kowa yana ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kusan kalori 500 a yini, suka ƙara kusan kilo 1, a ɗaya ɓangaren kuma suka rage kusan haka. Ana kyautata zaton ba kwaɗayi ne ya ƙaru musu ba, abincin ne yake wucewa da sauri kafin ciki ya ba da labarin ƙoshi.

Da dare kuna haɗuwa a kan tuwo, kuma ina kyautata zaton lomarsa ta fi taka girma. Bayan isha shi gajiya ta kwantar da shi. Kai kana majalisa har ƙarfe goma sha ɗaya, ana zagayawa da shayi, idan ciniki ya yi kyau a sayo tsire ko balangu. Ƙarancin barci kansa yana ƙara wa mutum jin yunwa washegari. Abin da na lura da shi a wurin siraran dattawanmu shi ne suna ci a nutse, suna tsame hannu da zarar sun ji daidai ko da akwai saura a kwano, kuma wannan ya yi daidai da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya raba ciki kashi uku: ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Duk da haka ba zan yi maka adalci ba idan na ce komai hali ne, domin gado yana da hannu babba. A 1990 Claude Bouchard da abokan aikinsa a Jami'ar Laval ta ƙasar Kanada sun wallafa gwajin da suka yi da tagwaye maza masu kama ɗaya, biyu-biyu har gida 12. An riƙa ƙara wa kowannensu kalori 1,000 a kan bukatarsa, kwana shida a mako, tsawon kwana 100. Ƙarin abinci iri ɗaya ne, amma wani kilo 4 da 'yan kai ya ƙara, wani kuwa ya haura kilo 13, kuma galibi Hassan ya fi kusa da Usaininsa a yawan abin da ya ƙara. Kai da yayanka ba tagwaye ba ne, kowa da rabon da ya ɗauko daga iyaye. Hanya mai sauƙi ta gane nasa ita ce ka dube shi bayan kaka, lokacin da rumbu ya cika aikin gona ya tsaya. Manoma da yawa suna murmurewa da rani su sake zubewa da damina, wanda ke nuna aiki ne yake riƙe da jikinsu. Idan shi kuwa rani da damina bai canzawa, to jininsa ne haka, kuma ko ka kwaikwayi duk abin da yake yi ba lallai ka koma kamarsa ba. Abin da za ka iya kaiwa shi ne jikinka na kafin shago, ko kusa da shi.

Akwai kuma abin da nake so 'yan zauren nan su riƙe, domin ana yawan kuskure a kansa: siranta daban, rama daban. Siririn da ya gaji sirantarsa yana da ƙarfi, yana cin abinci da marmari, nauyinsa ba ya sauka. Wanda kuwa yake zubewa ba tare da ya rage ci ba, musamman idan akwai tarin da ya wuce mako biyu, ko zufar dare, ko yawan fitsari da ƙishirwa, asibiti ya kamata a kai shi, domin tarin fuka da ciwon suga da tsutsar ciki duk suna ramar da mutum, kuma gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware domin haka. Siriri ma yana iya kamuwa da hawan jini, saboda haka yayanka shi ma ya riƙa aunawa, ya kuma sa ido a kan gishiri da dunƙulen miya, tun da abin da aka yarda wa babban mutum bai kai giram 5 na gishiri a yini ba. Ina kuma roƙon iyayenmu mata da ƙannenmu da ake yi wa gorin rashin jiki su nisanci ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, domin wasunsu irin su dexamethasone kumburin fuska da ciki suke kawowa, tare da tayar da sukari da hawan jini.

A ɓangarenka, Malam, ba sai ka rufe shago ka koma gona ba, kuma ba sai ka daina tuwo ba. Ka fara da abin sha, domin shi ne mafi sauƙin cirewa: lemo ya koma na ranar biki, sukarin shayi ya ragu zuwa rabi sannan ya ƙara raguwa, fura a dama ta da nono kawai. Talla idan ta zo ka zaɓi kwaɗon zogale ko na rama, ko dafaffen wake, ko kankana da gwaiba, a maimakon abin da aka tsamo daga kasko. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin wanda numfashi ke ɗan ɗagawa amma ana iya magana, tare da aikin ƙarfi kwana biyu. Yayanka yana cika wannan a kwana ɗaya ko biyu na noma. Kai kuwa tafiyar sauri ta rabin awa bayan asuba, kwana biyar a mako, ta kai ka ƙaramin adadin, sauke buhunan shago da kanka kuma ya zama aikin ƙarfin. Ka bar babur ga tafiyar da ta yi nisa, kamar zuwa sari ranar kasuwa. Sai dai ka sani tafiya ta fi amfani wajen kare zuciya da hana ƙarin ƙiba, rage tumbin da ya riga ya fito kuwa yawancinsa daga abin da ke shiga baki ne, domin gorar lemo ɗaya tana cinye ladan tafiyar fiye da rabin awa.

Ba ka bukatar sikeli kafin ka san inda kake. Ka samu igiya ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka naɗe ta gida biyu ta koma rabin tsawonka, ka zagaya ta a cikinka ɗan sama da cibiya ba tare da ka shanye ciki ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a 2022 cewa kewayen ƙugu ya kasance ƙasa da rabin tsawon mutum, don haka idan bakunan igiyar suka haɗu kana cikin iyaka, idan suka ƙi haɗuwa kitsen ciki ya yi yawa. Ka ƙulla alama a inda ta tsaya yau, ka rataye ta a shago, ka sake gwadawa duk farkon wata.