35mm ko 50mm: wanne ya dace a ƙara wa D3500?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya tambaya: yana da kyamarar Nikon D3500 da gilashin (lens) 18-55mm da aka haɗo masa da ita. Hotunan cikin ɗaki na fita da duhu, bayan mutum kuma ba ya dusashewa yadda yake so. Gilashi ɗaya zai iya saya yanzu. AF-S DX 35mm f/1.8G zai ɗauka ko AF-S 50mm f/1.8G?

Malam, ta fuskar haske babu wanda ya fi wani. Gilashinka in ka ja shi zuwa 55mm, ƙofar haskensa f/5.6 ce, waɗannan biyun kuwa suna buɗewa har f/1.8, wato hasken da ke shiga ya kusa ninki goma. Inda kyamara ke neman ISO (ma'aunin yadda take jin haske) 6400, yanzu wajen 640 ya ishe ta. Matsalar duhu ko wanne ka saya ta kau.

Bambancin yana ga filin da kake da shi. Sensar D3500, wato allon da ke karɓar haske a cikin kyamara, ƙarama ce, sai ka ninka lambar gilashi da 1.5. Ke nan 35mm na ba ka kallo irin na 52mm a kyamara mai babbar sensa, 50mm kuma na 75mm. Ka tsayar da kyamara a tsaye kana son mutum ya fito daga kai har ƙafa: da 35mm mita uku ta wadatar, da 50mm sai ka ja baya sama da mita huɗu. A falo da yawa bango ne zai tare ka kafin ka kai nan. In mutum biyar ne a jere, 50mm ba ya ma shiga lissafi a cikin ɗaki.

Amma a hoton fuska da kafaɗa 50mm ne gwani. Da 35mm dole ka matso ƙasa da mita ɗaya kafin fuska ta cika hoto, kusancin nan ne ke sa hanci ya yi girma, kunnuwa su ja baya. Da 50mm kana nesa kaɗan, fuska ta zauna daidai, baya kuma ya fi narkewa. Sai dai a kula: a f/1.8, daga mita ɗaya da rabi, abin da zai fito tar bai wuce santimita shida zuwa bakwai ba. Ido ya fito, kunne ya riga ya fara hazo. Shi ya sa sababbin masu gilashin ke cewa an sayar musu da maras kyau, alhali fokas ne ya faɗa kan kafaɗa. Zaɓi ɗigon fokas guda ɗaya, ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai. Mutum biyu ne, rufe zuwa f/2.8 ko f/4. Wannan ma na rage shuɗi-shuɗin da ke fitowa a gefen farar riga cikin rana.

Dukansu ba su da VR mai rage rawar hannu. Kada saurin shota, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara, ya gaza 1/60 na daƙiƙa a 35mm, 1/80 a 50mm, in yara ne masu motsi 1/250.

Sauran ƙananan abubuwa: 35mm na kama fokas daga santimita 30, 50mm sai 45. Faɗin bakin da ake ɗaura filta 52mm ne a 35mm, 58mm a 50mm. In kana da niyyar komawa babbar sensa wata rana, 50mm zai bi ka, 35mm DX kuwa, da yake na ƙaramar sensa ne, kusurwoyin hoto za su yi duhu.

Mu dai 35mm muke ba ka shawara, tunda kukanka na cikin ɗaki ne. Kafin ka biya, saita gilashinka na 18-55mm a 35, ka manna masa salatif ka yi kwana biyu kana ɗauka, sannan ka maimaita a 50. Inda ka ji ka takura za ka gane da kanka.

In 50mm ɗin ka zaɓa, duba harafin ƙarshe da kyau. Akwai tsohon AF 50mm f/1.8D mai sauƙin kuɗi, ba shi da injin fokas a cikinsa, D3500 ma ba ta da shi a jikinta, don haka da hannu za ka riƙa murɗa fokas. Mai AF-S da G shi ne naka. In wanda aka taɓa amfani da shi za ka saya, buɗe ƙofar hasken ka haska tocila ta ciki: 'yar ƙura ba komai, amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, bar shi.